Tabon da Ba Ya Fitowa a Fata: Tambayoyi da Amsoshi kan Cutarwar Cikin Gida a Tsofaffin Labaran Bincike

Mai karanta labaran masu binciken laifi irin su Sherlock Holmes ko Poirot na Agatha Christie, abin da ke ransa a karon farko shi ne ya san wanda ya yi kisan. Sai ya maimaita karatun ne yake fara lura da wasu mutane da ya tsallake: matar da take jan hannun riga tana rufe wuyan hannunta, ko magidanci mai shekara talatin da ba ya iya amsa gaisuwar baƙo sai ya saci kallon matar ubansa. A kan irin waɗannan mutane ne tambayoyin nan suke. Babu yadda za a amsa su ba tare da an tona ƙarshen wasu labaran ba, saboda haka wanda yake son ya gano ƙarshen da kansa, gara ya fara karanta littattafan tukuna.

Waɗanne labarai ake nufi da tsofaffin labaran bincike?

Waɗanda aka rubuta da Ingilishi, galibi a Ingila da Amurka, daga wajen 1860 zuwa tsakiyar ƙarni na 20. A farkonsu akwai The Woman in White na Wilkie Collins, wanda ya fito a matsayin littafi a 1860. Sai Arthur Conan Doyle, da ya fito da Holmes a 1887 ya kuma ci gaba da ba da labarinsa har 1927. Sai zamanin da Agatha Christie ta yi tashe, daga 1920 zuwa gaba. Na haɗa da wasu wasannin kwaikwayo, domin su ma tsarinsu ɗaya ne: an yi ɓarna a wani gida, mai bincike ya zo, ya tsinci ƙananan alamu, ya warware ƙullin.

Me ya haɗa labarin neman mai kisa da maganar cutarwa a cikin gida?

Gidan ne ya haɗa su. Marubucin irin wannan labari yana son wuri rufaffe, mutane kaɗan, kowa da abin da yake ɓoyewa, kuma babu inda ya cika wannan sharaɗi kamar gidan aure ko gidan da ake jiran rabon gado.

Doyle ya faɗi haka ta bakin Holmes a labarin The Copper Beeches na 1892. Suna cikin jirgin ƙasa, abokinsa Dakta Watson yana yaba kyawun gidajen ƙauye da suke wucewa, shi kuwa Holmes ya ce abin da yake gani shi ne yadda kowane gida ya keɓe shi kaɗai. A lungun birni, in ji shi, kukan yaron da ake azabtarwa ko ƙarar dukan mashayi yana tayar da maƙwabta, amma a irin waɗannan gidaje za a shekara da shekaru ana mugunta ba wanda ya sani. Da suka isa gidan da aka kira su, sai ta bayyana cewa maigidan ya kulle 'yarsa Alice a wani ɗaki na sama, saboda ta ƙi sa hannu a takardar da za ta bar masa ikon dukiyarta ko da ta yi aure. Matsin da ya yi mata sai da ya kwantar da ita ciwo na makonni shida.

In wadda ake cutarwa ba ta faɗa ba, yaya labarin yake nuna halin da take ciki?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wannan ita ce sana'ar Holmes. Misali mafi kusa shi ne Helen Stoner a The Speckled Band, shi ma na 1892. Ta iso gidan Holmes a Landan da sassafe tana rawar jiki. Ya ce ta matso kusa da wuta, ta ce ba sanyi ba ne, tsoro ne. Watson ya kwatanta idanunta da na dabbar da ake farauta, ya kuma lura da cewa furfura ta fito mata alhali shekarunta ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Agola ce a gidan Dakta Roylott, mijin mahaifiyarta da ta rasu, mutumin da ya taɓa dukan mai yi masa hidima a Kalkata har ya mutu, wanda kuma ba ɗan aikin da ke iya zama a gidansa.

Ta ba da dogon labari: yadda 'yar'uwarta Julia ta mutu cikin dare sati biyu kafin aurenta, da fiton da take ji, da yadda aka mayar da ita kwana a ɗakin da Julia ta mutu. Duk ta faɗa filla-filla. Abu ɗaya ta bari. Holmes ya ɗaga leshin bakin hannun rigarta, sai ga shatin yatsu biyar, huɗu da babban yatsa, kwance a wuyan hannunta. Ya ce an zalunce ta. Kunya ta kama ta, ta yi maza ta rufe wurin, ta ce ai mutum ne mai tsauri, wataƙila ma bai san ƙarfin kansa ba.

Wannan ɗan wuri, a ganina, ya fi macijin da Roylott ya kashe Julia da shi, wanda labarin ya shahara da shi, muhimmanci. Matar da ta yi ƙarfin halin sulalewa daga gida kafin gari ya waye don neman taimako, ita ce kuma take nema wa mai cutar da ita uzuri. Kunyar da ta kamata ta kama shi, ita ta kama. Akwai kuma wata magana da ta yi tun farko da take da ciwo: saurayin da zai aure ta ma, wanda ya fi kowa cancantar ya saurare ta, yana ɗaukar tsoronta a matsayin zulumin mace kawai. Bai furta ba, amma tana gani a yadda yake lallashinta yana kawar da ido. Kafin Holmes ya duba ƙofa ko taga, abin da ya fara yi mata shi ne ya yarda da maganarta.

Haka Lady Brackenstall ta yi a The Abbey Grange na 1904. Hannun rigarta ya zame, Holmes ya ga jajayen ɗigo biyu a damtsenta, ta rufe ta ce ba komai ba ne. Daga baya matar da ta raine ta ce ta bayyana cewa mijin ne ya soke ta da tsinken ƙarfen da matan Ingila ke maƙale hula da shi.

To me ya hana su fita? Ba sa iya kai ƙara a raba auren?

A Ingilar wancan zamani, ƙofar a ƙuntace take ƙwarai. A ƙarƙashin dokar aure ta 1857, miji yana iya rabuwa da matarsa in ya tabbatar ta yi zina. Ita kuwa mace, zinarsa kaɗai ba ta isa ba, sai ta haɗa da wani laifin kamar azabtarwa ko yasar da ita. Duka shi kaɗai, komai muninsa, iyakarsa a ba ta izinin zama daban, amma igiyar auren tana nan, ba ta da halin auren wani. Sai a 1923 aka daidaita maza da mata a kan maganar zina, sai kuma a 1937 azabtarwa ta zama hujjar raba aure da kanta. Kafin dokokin 1870 da 1882, abin da mace ta shigo da shi ko ta samu da guminta yawanci yana komawa hannun miji. Har zuwa 1891 sai da kotu ta yanke cewa miji ba shi da ikon tsare matarsa a gida da ƙarfi.

Doyle ya san wannan sosai. Ya sa Lady Brackenstall, wadda ta taso a Adelaide ta Ostireliya, ta ce waɗannan dokoki za su jawo wa ƙasar la'ana. Shi kansa ya zama shugaban ƙungiyar neman gyara dokar saki a 1909.

Mai karatu da ya saba da fiƙihun Malikiyya zai yi mamakin wannan, tunda a wurinmu mace tana iya kai ƙarar cutarwa gaban alƙali, in ta tabbata a raba auren, ga kuma hul'i. Amma mu ma mun san cewa ƙofa tana iya zama a buɗe mutum ya kasa fita: ga 'ya'ya, ga rashin abin hannu, ga "ki yi haƙuri, zaman aure ke nan" daga bakin waɗanda take ƙauna.

Labaran sun ga wannan ɗaurin na ciki. A The Hound of the Baskervilles, wanda aka buga daga 1901 zuwa 1902, Stapleton ya tilasta wa matarsa Beryl ta riƙa cewa ita ƙanwarsa ce, don ya yi amfani da kyawunta wajen jawo wanda yake son kashewa. Ta yi ƙoƙarin gargaɗin mutumin a ɓoye, amma ba ta tona mijin ba. Da aka same ta ɗaure a jikin ginshiƙi, ga shatin bulala a wuya, ta nuna hannuwanta duk jini ya kwanta, sannan ta ce wannan ba komai ba ne, hankalinta da ruhinta ne ya azabtar. Ta ce da za ta iya jure duka da kaɗaici da rayuwar ƙarya muddin tana da sauran tsammanin yana sonta. Sai da ta ji akwai wata mace da ya yi wa alkawarin aure, sannan igiyar ta tsinke.

Ko sun san cewa ana iya cutar da mutum ba tare da an taɓa ɗaga masa hannu ba?

Wadda ta fi kowa sanin wannan ita ce Susan Glaspell, 'yar Amurka. Tana ƙaramar 'yar jarida a jihar Iowa ta bi shari'ar wata mata da aka tuhuma da kashe mijinta manomi yana barci a watan Disamba na 1900. Abin bai bar ranta ba. A 1916 ta rubuta wasan Trifles, a 1917 kuma ta mayar da shi gajeren labari mai suna A Jury of Her Peers.

A labarin, an tsinci wani manomi mai suna John Wright a gadonsa da igiya a wuya. An tsare matarsa Minnie. Lauyan gwamnati da shugaban 'yan sandan yankin da wani maƙwabci suka zo gidan neman dalilin kisan, suka hau sama, suka leƙa rumbu, suka bar matansu biyu a kicin su haɗa wa Minnie kayan da ta roƙa. Mazan sun yi ta yi wa matan dariya wai hankalinsu yana kan ƙananan abubuwa. A cikin ƙananan abubuwan ne matan suka karanta rayuwar Minnie duka. Teburi an goge rabi an bar rabi. Bargon faci da take ɗinkawa, ɗinkin yana tafiya sumul sai kwatsam ya karkace kamar na wadda hannunta ke rawa. Keji babu tsuntsu, ƙofarsa a ɓalle kamar an fizge ta da fushi. Sai a cikin kwandon ɗinki suka ga wani ɗan akwati mai kyau, a ciki kanari ne naɗe da siliki, an murɗe masa wuya.

John Wright ba ya shan giya, yana biyan bashi, yana cika alkawari, a gari ana ce masa mutumin kirki. Babu inda labarin ya ce ya taɓa dukanta. Amma Misis Hale, maƙwabciyarsu, ta tuna Minnie tana budurwa, tana waƙa a coci da farar riga mai shuɗin ƙyalle, ta kuma kwatanta mijin da iskar hunturu mai shiga ƙashi. Gida ne a cikin kwari, ba a hango hanya, ba yara, ba baƙi, ko wayar tarho ya ƙi a jawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan shekaru na shiru ta samu abu ɗaya mai waƙa a gidan, shi ma aka kashe shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Misis Hale ba ta tsaya ga zargin mamacin ba, kanta ta tuhuma. Ta ce ta san gidan ba daɗi, shi ya sa ta daina zuwa, kuma wannan rashin zuwan laifi ne, wa zai hukunta shi? Ita kuwa Misis Peters, matar shugaban 'yan sandan, wadda ta fara da cewa doka doka ce, sai ta tuna ranar da wani yaro ya sare mata 'yar kyanwa da gatari tana ƙarama, da irin shirun da ta zauna a ciki bayan ɗanta na fari ya rasu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Misis Hale ta warware karkataccen ɗinkin ta gyara shi, da mazan suka dawo kuma akwatin tsuntsun yana cikin aljihun rigarta. Minnie kanta ba ta fito ko sau ɗaya ba a labarin. Ta wurin kicin ɗinta kaɗai muka san ta.

Da gaske mutum zai iya sa matarsa ta yarda cewa ta haukace?

Wasan Gas Light na Patrick Hamilton, na 1938, a kan haka aka gina shi. Jack Manningham yana ɓoye ƙananan kaya, hoton bango ko takardar kuɗin mai kanti, sannan ya ce matarsa Bella ce ta ɗauke ta manta. Yana kunyata ta a gaban 'yan aiki. Yana tuna mata cewa mahaifiyarta a asibitin masu taɓin hankali ta mutu. Yakan yi mata alkawarin fita kallo, ta yi murna, sai ya ƙirƙiro laifi ya fasa. Da dare kuma, in ya fita, takan ga hasken fitilar gas ya ragu, ta ji taku a saman bene da aka rufe. Dalilin mai sauƙi ne: shi ne yake zagayawa ya shiga saman yana neman duwatsu masu daraja na wata tsohuwa da ya kashe shekarun baya, in ya kunna fitila a can sai ta ƙasa ta dushe. Amma Bella ta riga ta daina yarda da idonta.

Tsohon ɗan sandan ciki mai suna Rough, da ya zo, babban abin da ya yi shi ne ya zauna ya saurare ta, ya tabbatar mata abin da take gani gaskiya ne. Ya ɓalle teburin mijin, sai ga kayan da aka ce ta ɓatar, har da wasiƙar danginta da aka ɓoye mata. An yi fim ɗin wasan a 1940 da 1944, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar gaslighting da suke kiran wannan salon mugunta da ita har yau. Dokar Ingila kuwa sai a 2015 ta mayar da juya mutum da danne shi a cikin gida laifi mai zaman kansa, mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyar.

Collins ya riga su hango wani ɓangaren abin. Matar Count Fosco a The Woman in White, kafin aure mace ce mai baki, mai ra'ayin kanta. Bayan aure sai ta koma zama shiru na sa'o'i tana naɗa wa mijinta sigari, ba ta faɗin ra'ayi sai ta dubi fuskarsa. A gaban mutane yana kiranta da sunaye masu daɗi. Marian, wadda ke ba da wannan sashe na labarin, ta lura cewa sandar da yake mulkinta da ita ba ta taɓa saukowa gaban baƙi.

Me zai sa wanda bai yi laifi ba ya miƙa wuya a kama shi?

Gajiya da tsoro. Christie ta nuna haka a Towards Zero na 1944, kuma a nan ne na fi ganin zurfinta. Tun farkon littafin, an kira babban ɗan sanda Battle makarantar kwana ta 'yarsa Sylvia, wai ta amsa laifin sata. Da ya gan ta ya gane ba ita ba ce. Shugabar makarantar ce ta riƙa sa mata ido tana matsa mata da tambayoyi cikin ruwan sanyi, har yarinyar ta ji gara ta amsa a huta.

Watanni bayan haka aka kashe wata tsohuwa, shaidu duk suka nuna Audrey Strange. Da aka zo kama ta ba ta yi musu ba, har ta nuna kamar an sauke mata kaya. Battle ya dubi idonta ya ga idon 'yarsa. Tsohon mijinta Nevile, ɗan wasan tanis da kowa ke yabo saboda ba a taɓa ganin fushinsa ba, shi ya yi kisan, ya kuma shirya komai don a rataye ta saboda ta bar shi. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Shekara da shekaru tana tsoronsa ba tare da tana da abin da za ta nuna wa kowa ba, har ta fara zargin ko ita ce ba ta da lafiya.

Matan aure kaɗai ake nunawa?

A'a. A Appointment with Death na 1938, azzalumar uwa ce. Misis Boynton, Ba'amurkiya, tsohuwar ganduroba, ta riƙe 'ya'yan mijinta uku da 'yarta ɗaya kamar fursunoni, har ta fito da su yawon buɗe ido Ƙudus da Petra. Ba makaranta suka je ba, a gida aka koyar da su, ba su da sana'a, ba su da aboki, kuɗi duk a hannunta. Babban, Lennox, ya mutu a tsaye, ko matarsa ta kasa motsa shi. Raymond da Carol kullum a firgice. Ƙaramar, Ginevra, tana zaune tana murmushi alhali a ƙarƙashin tebur hannuwanta suna yayyaga hankici, ta kuma fara gaya wa mutane cewa ita 'yar sarauta ce da ake son sacewa. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bafaranshe a cikin labarin ya ce aikin gidan yari bai koya wa matar mugunta ba, son mulkin mutane ne ya kai ta aikin tun farko.

Doyle ma ya kalli 'ya'ya. A Black Peter na 1904, 'yar wani tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa da ke korar iyalinsa waje tsakar dare da bulala, ta fito fili ta ce ta sa wa hannun da ya kashe ubanta albarka. Wasan Christie kuma, The Mousetrap na 1952, tushensa labarin gaske ne na Dennis O'Neill, yaro ɗan shekara 12 da ya mutu a 1945 a hannun masu riƙonsa a wata gona.

Ina suka gaza?

Wurare da dama. A labaran Doyle, azzalumi yawanci ana gane shi daga nesa: ƙato, mashayi, mai jan ido. Roylott har lanƙwasa ƙarfen tona wuta ya yi a gaban Holmes, kuma an jingina zafin ransa ga gadon dangi da daɗewa a ƙasashe masu zafi, wanda wannan tunanin 'yan mulkin mallaka ne. Irin wannan hoto yana sa mai karatu ya zaci mai cutarwa ba zai taɓa zama mutum mai fara'a da ake girmamawa a unguwa ba. Glaspell da Christie sun gyara wannan.

Na biyu, kusan kullum sai an haɗa da gado ko duwatsu masu daraja kafin muguntar ta samu dalili, kamar dai son mallake mutum bai isa dalili ba. Na uku, matan da ake tausayawa galibi kyawawa ne 'yan babban gida, kuma wani namiji ne ke zuwa ceto. Matar lebura da ake duka kowane daren Asabar, wadda Frances Power Cobbe ta yi rubutu a kanta a 1878 har aka gyara doka a shekarar, da wuya ka gan ta a ɗakin baƙin Holmes.

Kamar suna halatta kashe azzalumi, ko ba haka ba?

Tambayar tana kan hanya. A The Abbey Grange, Kyaftin Crocker ya kashe Sir Eustace, mijin Lady Brackenstall, bayan ya ga ya kwaɗa wa matarsa sanda a fuska. Shi Sir Eustace mutum ne da ya taɓa zuba wa karen matar kananzir ya cinna masa wuta. Holmes ya gano gaskiya, ya naɗa Watson mai yanke hukunci a ɗakinsu, Watson ya ce ba shi da laifi, suka sallame shi ba tare da sun gaya wa 'yan sanda ba. Matan Glaspell ma sun ɓoye shaida.

Ni abin da nake karantawa a nan tuhuma ce ga doka da maƙwabta, waɗanda suka bari abu ya kai ga gawa kafin kowa ya leƙo. Amma haɗarin yana nan, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba: labarin da kullum mafitarsa mutuwar wani ce ba ya nuna wa mai karatu sauran hanyoyin, na dangi da alƙali da mafaka. A Ingila sai a 1971 aka buɗe gidan fakewar mata na Chiswick a Landan, lokacin zamanin waɗannan labarai ya riga ya wuce.

Bayan an kama mai laifi, waɗanda aka cutar suna warkewa?

A nan tsarin labarin bincike yake cin amanar abin da ya gani da idonsa, domin shi da an warware ƙulli ya gama. Christie ta rufe labarin 'yan Boynton da wata liyafa bayan shekara biyar, kowa ya yi aure, Ginevra ta zama shahararriyar 'yar wasa. Ina son in yarda, amma abin ya yi sauƙi da yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ma sai a 1980 suka sa ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa a kundinsu da sunansa.

Collins ya fi gaskiya. A The Woman in White, bayan an fito da Laura, 'yar'uwar Marian, daga asibitin masu taɓin hankali da aka kulle ta da sunan wata, ta koma kamar ƙaramar yarinya, tana zane ana ce mata an sayar don ta ji tana da amfani. Ta samu sauƙi a hankali, ta yi aure, ta haihu, amma abin da ya faru da ita a waɗannan watanni bai taɓa dawo mata ba, kuma ko an gifta da maganar sai jikinta ya ɗauki rawa. Helen Stoner kuwa, Watson ya buɗe labarinta ne da cewa ya samu damar ba da shi saboda matar ta rasu tun kwananta bai yi nisa ba. Yawancinmu mukan wuce wannan layi ba mu lura ba.

A 1927, cikin labaran Holmes na ƙarshe, akwai The Veiled Lodger, wanda babu wani bincike a cikinsa. Eugenia Ronder, matar mai gidan wasan namun daji da ke ɗaure ta yana zane ta da bulalar doki, ta haɗa baki da masoyinta suka kashe shi, a daren kuma zaki ya yayyaga mata fuska, masoyin ya gudu ya bar ta. Shekara bakwai tana zaune a ɗakin haya da lulluɓi, tana ihu cikin barci. Ta kira Holmes ne don kawai wani ya ji labarin kafin ta mutu. Ya saurara har ƙarshe. Da zai tafi sai ya ji wani abu a muryarta, ya juyo ya ce mata ranta ba nata ba ne, kada ta taɓa shi. Ta ɗaga lulluɓin ta ce ko shi zai iya jure wannan. Bayan kwana biyu aka kawo masa wata 'yar shuɗiyar kwalba ta gidan waya, guba ce a ciki, da 'yar takarda cewa ga abin da yake jarabtarta ta aiko masa, za ta bi shawararsa.